Ciwon Damuwa Ne Ko Sammu?

Tambaya: Anti, wata biyu kenan bana barci, abinci baya min daɗi, ko ɗinkin da nake so na daina, sai kuka kawai ba dalili. Gwaggona ta ce sammu ne. Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada, Gombe.

Amsa: Ƙanwata sannu, Allah ya baki lafiya. Ni dai wannan yafi min kama da ciwon damuwa, don in ya wuce sati 2 haka likita ake nema, kuma zuwa wajensa ba wai hauka bane. Ki ci gaba da addu'a amma kije Asibitin Koyarwa na Tarayya (FTH) da ke Gombe, sashen ƙwaƙwalwa, akwai magani akwai zaman tattaunawa, maganin yakan ɗau sati 2 zuwa 4 kafin ki ji sauƙi, kar ki yanke shi da kanki. In tunanin kashe kai ya zo miki, faɗa wa wani na gida yau ɗin nan ya raka ki asibiti.