Tambaya da Amsa: Wai lardi zai iya ɓallewa daga ƙasarsa?

Tambaya: Salamu alaikum Malam, musu muke ta yi a majalisa da abokaina, wani yace wai a Kanada lardi in ya ga dama ƙuri'a kawai zai kaɗa ya zama ƙasa, ni kuma nace ina, ba zai yiwu ba. Don Allah a raba mana gardama. Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kai ka fi kusa da gaskiya amma abokin naka ma ba daga sama ya tsinto maganar ba. Lardin Kebek yake nufi, inda yawanci Faransanci suke yi, sau biyu suna ƙuri'ar raba gardama, 1980 da 1995, ta biyun nan kam saura ƙiris, masu cewa a zauna kashi 50.6, masu son fita 49.4, tazarar ƙuri'u dubu hamsin da 'yan kai ce kacal.

Abin ya tada hankalin gwamnatin tarayya ta garzaya kotun ƙoli, a 1998 kotu tace Kebek ba ta da hurumin ficewa gaban kanta, amma in aka yi tambaya ba kwana-kwana kuma rinjaye ya fito ƙarara to dole sauran ƙasar su zauna a tattauna. Kuma a teburin nan ne aikin yake, wa zai ɗauki bashin ƙasa, wane kuɗi za a riƙa kashewa, ina iyaka za ta tsaya? Ni abin da ya fi tsaya min a rai shine ƙabilar Kiri da ke arewacin lardin tun kafin zuwan Turawa, ana saura 'yan kwanaki zaɓen 1995 suka yi tasu ƙuri'ar, sama da kashi 95 suka ce su ba inda za su, Kanada suke so. To in Kebek na da haƙƙin tafiya, su fa, a tafi da su dole?

Kataloniya, wani yanki na ƙasar Sifen, ta gwada ɓallewa a 2017 ba da yardar Sifen ba, 'yan sanda suka riƙa kwashe akwatunan zaɓe, shugaban yankin Puigdemont ya tsere Beljiyam, ba ƙasa ko ɗaya da ta amince da su. Sudan ta Kudu ta samu fita a 2011 ne saboda yarjejeniyar 2005 da Khartoum ta sa wa hannu, shima sai bayan yaƙin shekara ashirin da wani abu da ya ci rayuka wajen miliyan biyu, Allah ya kiyaye mu da irin wannan.