Hukuncin gwajin bakin mahaifa ga mace mai lafiya

Tambaya: Malam, Allah ya gafarta. A asibiti a nan Katsina aka ce in yi gwajin sankarar bakin mahaifa, alhali lafiyata ƙalau. Ya halatta in buɗe al'aura don haka? Yana karya azumi ko wajabta wanka?

Amsa: Ya halatta, baiwar Allah, kuma ina kwaɗaitar da ke.

Ga yadda ake yi: ma'aikaciya za ta sa ƙaramin abin buɗa gaba, ta goge bakin mahaifa da ɗan buroshi, ta shafa abin da ya manne a gilashi, ta tsoma shi nan take cikin sinadarin alkohol mai ƙarfin kashi 95, sannan a rina, a duba a madubin likita. Alkohol ɗin gilashi yake taɓawa, ba jikinki ba. Ƙwayoyin halittar wurin sukan fara sauya kama shekaru 10 ko fiye kafin su zama sankara, ba ciwo ba jini. Mai jiran alama sau da yawa ta makara. Don haka buƙata ta tabbata, kuma malamai sun ajiye buƙata a matsayin lalura, sai dai gwargwadonta ake ɗauka: mace ta duba ki, a rufe sauran jiki. In babu sai namiji, to mijinki ko wata amintacciya ta kasance a ɗakin.

Abin da na fi so ki kiyaye shi ne shiri. Kada ki je kina haila. Kwana 2 kafin gwajin ki bar saduwa, matsi da wanke can ciki, domin jini da magani suna lulluɓe ƙwayoyin, sakamako ya ƙi karantuwa, a sake kiranki. Kin ga an buɗe al'aura sau biyu inda ɗaya ya isa. In sakamako ya yi kyau, sai bayan shekara 3.

Wanka bai hau kanki ba. Ɗigon jinin da kan biyo baya na gogar buroshi ne, ba haila ba. Wanke shi ki yi salla. Azumi kuwa, majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Jidda, 1997, ta ce abin duba da aka sa ta gaba ba ya karya shi. Amma Malikiyya suna sa ramuwa in abu mai ruwa ya shiga ta nan, kuma akan jiƙa abin buɗawar. Tunda ba gaggawa, ki bari sai bayan sallar azumi.

Wallahu a'alamu.