Amsoshin Tambayoyinku: Wane Otal ɗin Bakin Teku Ya Dace da Iyalin Kano?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na yi wa maiɗakina da yaranmu huɗu alƙawarin za su ga teku a dogon hutun watan Agusta. Ejan ya kawo min otal biyu a Zanzibar. Ɗaya ƙato ne mai ɗaruruwan ɗakuna, an ce in na biya sau ɗaya shi ke nan, ci da sha da wasannin yara duk suna ciki. Ɗayan ƙarami ne, karin kumallo da abincin dare kawai yake bayarwa, amma ya fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba da ikon cika alƙawari. Da yara huɗu, zuciyata ta fi karkata ga babban otal ɗin, amma ba don girmansa ba, kuma sai da sharuɗɗa.

Ya kamata ka fara sanin don wa aka tsara wannan tsari na komai-a-ciki. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Gérard Blitz, shi ya kafa kamfanin hutu na Club Med a 1950, ya buɗe sansaninsa na farko a tsibirin Mayoka na Sifaniya, daga nan tsarin ya bazu. Hutun Bature aka yi wa ɗinki: ya tashi, ya kwanta a rana, ya yi ta shan giya daga hantsi har tsakar dare ba tare da ya sa hannu a aljihu ba. Otal yana lissafa abin da baƙi za su sha, ya raba shi a kan kowa. Kai da ba ka sha, kuɗinka yana cikin wannan lissafi. Wannan abu yana damuna, domin mutanenmu da yawa suna biya ba su sani ba. Saboda haka ka sa ejan ya rubuta wa otal ɗin ya tambaya ko suna da farashin komai-a-ciki wanda babu barasa. Wasu suna da shi, kuma yakan fi sauƙi.

To me ya sa duk da haka na karkata gare shi? Saboda yara. Yaro in ya shiga ruwa ya fito, yunwa ce da ƙishi, kuma ba sau ɗaya ba. Wannan ya ce lemo, wancan ya ce askirim, ruwan roba kuwa ba a magana. A ƙaramin otal kowane ɗaya da dala za a rubuta maka shi, abincin rana na mutum shida ma haka, kuma yawancin irin waɗannan otal-otal suna nesa da gari, ba inda za ka leƙa ka sayi shinkafa da wake ka dawo. Ka zauna da takarda ka ƙiyasta abincin rana da abin sha na mutum shida a kullum, ka ninka da yawan kwanakin, ka ɗora a kan kuɗin ƙaramin otal. Sau da yawa za ka ga tazarar ta rufe. Amma da kai da Hajiya kaɗai ne, kuna niyyar yini a waje kuna yawon gari, da na ce ku ɗauki ƙaramin, don ba hikima a biya kuɗin abincin ranar da ba za a ci ba.

Kada kalmar komai ta ruɗe ka. Ranar da kuka isa za a ɗaura wa kowa wani zare ko roba a wuyan hannu, shi ne shaidar cewa kun biya. Abin da yake buɗe muku yawanci shi ne babban ɗakin cin abinci inda ake jera kuloli kowa ya ɗebi son ransa, da lemon kwalba, da shayi, da wuraren ninkaya, da wajen wasan yara. Ƙananan gidajen abinci na musamman da ke cikin otal ɗin, da lemon da ake matsewa nan take, da tausa, da wanki da guga, da fita teku a kwalekwale, galibi kuɗinsu daban ne. Motar da za ta ɗauko ku daga filin jirgi ma ba kullum take ciki ba, ga kuma harajin kwana da ake karɓa a otal a kan kowane mutum. A rubuto maka duk wannan baƙi da fari kafin ka ba da ko sisi.

Sai maganar ɗaki, inda iyalanmu suka fi shan mamaki. An gina ɗakunan ne don mata da miji da yaro ɗaya ko biyu. Mutum shida ɗaki biyu za su kama, kuma dole ka nemi masu ƙofa a tsakani, in ba haka ba sai a kai yara wani bene can, uwa ta kwana tana tunani. Ka faɗi shekarun kowane yaro daidai, domin otal da yawa suna lissafa wanda ya kai 12 a matsayin babba.

Abin da ya fi girman otal muhimmanci a Zanzibar shi ne gaɓar da yake. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani da Kiwengwa, teku yana janyewa sau biyu a rana ya yi nisa ƙwarai, ya bar yashi da duwatsu da ciyawar ruwa. In ejan ya nuna maka hoto, galibi an ɗauke shi ne lokacin da ruwa ya cika. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, janyewar ba ta da yawa, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, sai dai mota za ta yi kamar awa ɗaya da rabi daga filin jirgin Abeid Amani Karume, kuma wurin ya fi hayaniya. Ka tambayi sunan ƙauyen da otal ɗin yake, ka duba shi a taswira da kanka. Watan da ka zaɓa kam ka dace: daga Yuni zuwa Oktoba rani ne mai sanyi-sanyi a can. Babbar daminarsu Maris zuwa Mayu ce, shi ya sa farashi yake faɗuwa a lokacin.

Yaran Kano kaɗan ne suka iya ruwa. Ka tabbatar otal ɗin yana da wurin ninkaya marar zurfi na yara da mai gadin ruwa, kuma in aka kafa jar tuta a bakin teku, ba mai shiga. Wannan ba abin sasantawa ba ne.

Takardu kuwa ka fara tun yanzu. Zanzibar tana cikin ƙasar Tanzaniya ne, kuma Najeriya tana cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba su biza a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni. Tun 1 ga Oktoba, 2024, Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta, dala 44 ga baligi. Ga katin rigakafin shawara, ga fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, Ethiopian Airlines zai kai ku Adis Ababa ku canza zuwa Zanzibar. In ka je, ka ware yini guda ka kai su Stone Town, tsohon garin da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Za su ji kiran salla ta ko'ina, su ga ƙofofin katako masu sassaƙa da lunguna irin na cikin birni. Wannan fitar ba ta cikin kuɗin otal, amma kada ka yi mata rowa.

Tambaya: Ni uwa ce daga Hotoro, ina sa hijabi, 'ya'yana mata biyu sun girma. Ina son mu yi wanka a teku, amma hotunan da nake gani na waɗannan otal-otal suna sa ni jin nauyi. Akwai inda ya dace da mu? Kuma ya maganar halaccin abinci?

Amsa: Hajiya, jin nauyin nan naki gaskiya ne, kada kowa ya ce miki ƙauyanci ne. Kasancewar ƙasa ta Musulmi ba ya nufin otal ɗin da ke bakin tekunta yana bin tsarinmu. Mutanen Zanzibar kusan duka Musulmi ne, Maldibs, tsibiran nan na Tekun Indiya, ƙasar Musulmi ce, Masar ma kin sani. Amma da zarar an shiga harabar babban otal, baƙin Turai ne suka fi yawa, da shigarsu da kiɗansu na dare. A Maldibs, giya da naman alade haramun ne a tsibiran da jama'a suke zaune, amma an ba tsibiran otal lasisin sayar da su.

In abin da kike so shi ne ke da 'yan matanki ku sake a cikin ruwa ba idon namiji, inda na san an gina masaukai musamman don haka shi ne Turkiyya, yankin Antaliya, musamman garin Alaniya a gaɓar Bahar Rum. Akwai manyan otal-otal na komai-a-ciki da babu giya sam, abincinsu halal ne, suna da masallaci, suna da wurin ninkaya na mata zalla da aka katange, ma'aikatansa mata, kuma a yawancinsu ana karɓe waya a ƙofa don kada a ɗauki hoto. Wasu har wani yanki na bakin teku suke keɓe wa mata. Illarsa biyu: sai an nemi biza, kuma ba duk tsawon shekara ake wanka ba, daga Mayu zuwa Oktoba ne, bayan nan sanyi.

In kuma Sharm el-Sheikh ko Hurgada na Masar kuke so a bakin Bahar Maliya, tunda EgyptAir yana tashi daga Kano zuwa Alƙahira, to ki tambaya a rubuce ko suna barin mace ta shiga wurin ninkaya da kayan wanka masu rufe jiki. An sha samun otal-otal a Masar da suka hana, kuma ba daɗi a biya kuɗi a je a ji kunya a gaban 'ya'ya. Ki guji Yuli da Agusta, zafinsu yana kai maki 40.

Abinci kuwa, a ko'ina kuka sauka ki nemi ganin shugaban masu girki a daren farko. Ki tambayi wace kula ce ke da alade, wace miya ko kayan zaƙi aka sa wa giya, kuma ko tanda ɗaya ake gasa komai a kai. Sun saba da wannan tambaya. Kifi da sauran kayan teku ba sa yankewa a irin waɗannan wurare. Ki tafi da yajinki da ɗan garin kunu, saboda bayan kwana uku yara sukan fara neman ɗanɗanon gida.

Tambaya: Bikina watan Disamba ne in sha Allahu. Na ga wani otal a Maldibs a intanet da farashi mai sauƙi, ina son in kai amarya. In biya?

Amsa: Allah ya sanya alheri, ango, ya ba da zaman lafiya. Dakata tukuna. A Maldibs kusan kowane otal tsibirinsa guda ne shi kaɗai, saboda haka daga filin jirgin Velana sai an ɗauke ku a jirgin ruwa mai gudu ko ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Kuɗin wannan ɗauka sau da yawa ba ya cikin farashin da ka gani, kuma na jirgin saman yana kai ɗaruruwan daloli ga mutum ɗaya. Da rana kawai yake tashi, in jirginku ya sauka da dare sai kun kwana a kusa da Male, babban birninsu. Sannan akwai harajin muhalli, dala 12 ga kowane mutum a kowane dare tun Janairun 2025, ga kashi 10 cikin 100 na hidima, ga harajin yawon buɗe ido. Ka bi shafin har matakin ƙarshe na biya ka ga jimilla, ita ce farashin gaskiya.

A nan kam tsarin komai-a-ciki yana da amfani ko ga mutum biyu, don a tsibirin babu wani kanti ko gidan abinci sai na otal. Disamba farkon raninsu ne, yanayi yana da kyau, amma makon ƙarshe na shekara shi ne mafi tsada, kuma otal da yawa suna tilasta biyan kuɗin liyafar daren 24 da na 31 ga wata ko ba ka halarta ba. In za ka iya ɗaga tafiyar zuwa tsakiyar Janairu, ka ɗaga. In aljihu bai kai ba, tun 2009 aka halatta ƙananan masaukai a tsibiran jama'a irin su Maafushi. Teku ɗaya ne, babu giya, ga masallaci kusa, kuɗin kuma bai kama ƙafar na manyan otal ba.

Tambaya: Ni malamar makaranta ce a Gwale. Ba na son wahalar biza. Ina zan iya zuwa?

Amsa: Malama, ki duba Gambiya. Ƙasar ECOWAS ce, fasfonki ya wadatar, mafi yawan jama'arta Musulmi ne, kuma otal-otal suna jere a gaɓar Kololi da Kotu, ba nisa daga Banjul. Ki je tsakanin Nuwamba da Mayu, kafin ruwa ya sauka. Tekun Atlantika ne, igiyarsa tana da ƙarfi, don haka wanka ya fi aminci a wurin ninkaya na otal. A can ba lallai ki biya komai-a-ciki ba, domin gidajen abinci suna nan kusa, da ƙafa ma za ki je.

Tambaya: Ejan ya ce in tura masa kuɗin duka yau-yau kafin ragi ya ƙare. Na riga na canzo dala a Wapa. In tura?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Ka ba da kafin alƙalami kawai, zuwa asusun kamfani ba na mutum ba, ka karɓi rasit. Ka nemi lambar ajiyar ɗaki, ka rubuta wa otal ɗin da kanka ta adireshin da ke shafinsu, su tabbatar da sunanka da kwanakin da tsarin abincin da aka biya. Ka tambayi abin da za a mayar maka in biza ba ta fito ba, shi ma a rubuce. Cikon kuɗin sai biza ta fito kuma otal ya amsa maka.