Tambaya da Amsa: Zoben boris ya saki a giyabos ɗin tsohuwar Porsche 911

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni makanike ne a Kaduna, kuma yawancin shekarun da na yi a wannan sana'a a kan Peugeot 504 da 505 na yi su. Kwanan baya wani dattijo ya kawo mini tsohuwar motarsa, Porsche 911 SC ƙirar 1980, yana kukan cewa giyabos ɗinta na yin gurnani idan aka taka mai, sannan sautin ya sauya idan aka ɗaga ƙafa. Da na kwance shi sai na tarar zoben waje na boris ɗin sandar finiyon (ƙaramar giya mai haƙora da ke juya babban farantin da ke kai ƙarfi ga tayoyi) ya saki a cikin raminsa, har da yatsu biyu na zaro shi, kuma man da na zubar ya yi toka-toka. Abokan aikina sun ce in bubbuga cikin ramin da ƙusa don ya yi kaushi ya riƙe zoben, wasu kuma sun ce in shafa gam ɗin Loctite in mayar. Wanne ne daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kyauta da ka dakata ka yi tambaya kafin ka ɗauki guduma, domin wannan giyabos ba irin wanda ake samun madadinsa a kasuwar kayan gyara cikin sauƙi ba ne. Shi ne wanda kamfanin Porsche na Jamus ya sa wa lamba 915, aka fara sa shi a 911 ƙirar 1972, aka ci gaba har ƙirar 1986, kafin wani giyabos mai lamba G50 ya maye gurbinsa a 1987. Na farko-farko an yi gangar jikinsu da magniziyam, amma naka, da yake na SC ne, alminiyom ne. Sakin zoben da ka gani sanannen ciwo ne ga masu gyaran wannan giyabos.

Dalilin sakin yana cikin bambancin ƙarafan biyu. Zoben boris ƙarfe ne mai tauri, ramin da yake zaune a ciki kuwa alminiyom ne mai taushi, kuma idan zafi ya kama su ba sa buɗewa daidai wa daida. Kowace mita ɗaya ta alminiyom tana ƙaruwa da kusan milimita 0.023 a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyas, ta ƙarfe kuma da kusan 0.012 kawai. Mu ɗauka, don misali, faɗin ramin milimita 80 ne, kuma giyabos ya tashi daga digiri 30 zuwa 90 a doguwar tafiya: ramin zai buɗe fiye da zoben da kusan milimita 0.05, wato kimanin kaurin siririn gashi ɗaya. Wannan ɗan abu ya isa ya cinye mafi yawan matsin da aka bar wa zoben tun daga masana'anta. Da zarar riƙon ya yi rauni, nauyin da haƙoran finiyon ke ɗorawa a kan sandar sai ya riƙa motsa zoben kaɗan-kaɗan, ƙarfen yana goge alminiyom, har bayan shekaru arba'in da ɗoriya ramin ya buɗe. Tokar da ka gani a cikin man garin alminiyom ɗin ne, kuma maganaɗisun da ke jikin notin zubar da mai ba ya kama shi, shi ya sa mutum kan duba notin ya ga babu komai ya ɗauka lafiya lau.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu zo kan hanyoyin gyara shi ne aikin da wannan rami yake yi. A 504 ɗinka giyabos yana gaba, finiyon da babban farantinsa mai haƙora suna can baya a wani gida daban. A 911 kuwa duk a gida ɗaya suke, kuma sandar da ke ɗauke da giyoyin ita ce mai finiyon a bakinta. Saboda haka ramin nan shi ne ke tsayar da finiyon a daidai inda haƙoransa za su haɗu da na farantin, kuma wannan haɗuwa da kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ake lissafinta. Idan ka duba jikin finiyon da farantin za ka ga lambobin da aka rubuta musu tun daga masana'anta, domin tare aka gwada su, aka rubuta tazarar da suka fi yin shiru a kanta. Gurnanin da dattijon yake ji, wanda ke sauyawa tsakanin taka mai da ɗaga ƙafa, alama ce ta cewa finiyon yana kaucewa daga mazauninsa. Duk gyaran da ya riƙe zoben amma bai mayar da shi tsakiyarsa ta asali ba, bai taɓa ciwon ba.

Da wannan ma'auni, shawarar bubbuga ramin da ƙusa ta faɗi. Na san ana yi, kuma na san a ranar da aka yi zoben yakan shiga da ƙarfi har mutum ya ji daɗi, amma abin da ke riƙe da shi 'yan tsirarun tudun alminiyom ne da ƙusar ta tayar, kuma nauyin tafiya zai kwantar da su cikin ɗan lokaci. Ban da haka, babu hannun da zai iya tayar da su daidai a kowane gefe, don haka zoben zai zauna a karkace, sannan ka ɓata fuskar ramin da mai injin fiƙe ƙarfe zai so ya auna daga baya. Haka nan cusa yankan gwangwani a gefen zoben, wanda shi ma na sha gani. Walda kuma, a cike ramin a sake huda shi, tana iya murɗe bangon gidan gaba ɗaya, garin neman gira a rasa ido.

Gam ɗin kuwa yana da muhallinsa, amma awo ne zai nuna ko naka yana ciki. Ka wanke gidan tas, ka bar shi ya huce tare da sabon zoben a ɗaki ɗaya, sannan ka auna bayan zoben da maikiromita, wato na'urar auna kauri dalla-dalla, ka auna cikin ramin da agogon auna rami. Kada ka tsaya a wuri ɗaya: ka auna ta tsaye, ka auna ta kwance, ka auna a bakin ramin da can cikinsa, domin ramin da ya ci yawanci ba ya buɗewa daidai, yakan koma siffar ƙwai ta ɓangaren da nauyi ke turawa. A ganina, idan ramin yana nan a zagayensa, kuma ratar ba ta wuce milimita 0.05 ba, har sabon zoben yana buƙatar a tura shi da ɗan ƙarfi kafin ya shiga, to gam zai iya yin aiki. Loctite 641 an yi shi ne don boris ɗin da za a so cirewa wata rana, 620 kuma ya fi jure zafi. Irin wannan gam ba ya daskarewa sai a inda babu iska tsakanin ƙarafa biyu, kuma maiƙo babban abokin gabarsa ne; tsohon gidan giyabos ya sha mai shekara da shekaru, don haka sai ka ɗan ɗumama shi, ka goge, ka sake gogewa har tsumma ya fito fari, kuma ka ba shi awa 24 kafin ka zuba mai. Akwai 660 wanda masu shi suka ce yana cike rata har rabin milimita, kuma gaskiya ne yana cikewa, amma ba ni ba ka shawarar amfani da shi a nan, domin zoben da ke da irin wannan sarari zai kwanta gefe ɗaya ne gam ɗin ya daskare a haka.

Tunda ka ce da yatsu biyu ka zaro naka, kuma man ya yi toka, ina kyautata zaton ramin ya wuce matakin gam. Gyaran da ya dace shi ne a kai gidan wurin ƙwararren mai injin fiƙe ƙarfe, ya faɗaɗa ramin, ya dasa masa zoben ƙarfe irin silib ɗin da ake sa wa injin, sannan bayan dasawar ya fiƙe cikinsa zuwa ma'aunin da zai matse boris ɗin. Ka zauna da shi ka yi masa bayani kafin ya kunna injin, domin kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tsakiya daga ramin da ya riga ya ci. Dole ya samo ta daga abin da bai lalace ba, wato fil-fil ɗin da ke daidaita gidan da maƙwabcinsa, da ramin ɗaya sandar, wadda ke karɓar juyi daga injin, idan yana da lafiya. Ka kuma nuna masa cewa bangon da ke tsakanin ramukan biyu siriri ne, kada ya ci shi fiye da kima. Idan ba ka sami wanda zuciyarka ta kwanta da aikinsa ba, gara ka gaya wa dattijon gaskiya, a nemo wani gidan mai lafiya ko a aika wannan inda ake yin aikin, ko da zai ɗauki watanni.

Ko wace hanya ka bi, ka sa sabon boris, ka duba farantin da ke danne boris ɗin a jikin bangon, domin shi ma yakan ci. Na asali ɓangare biyu ne, kuma ana sayar da wanda aka yi shi guda ɗaya ya haɗe sandunan biyu, wanda ya fi riƙo. Siraran washa da ka tarar a wurin su ne ke ƙayyade zurfin finiyon, ka adana su, ka rubuta kaurinsu. Bayan haɗawa ka sake auna zurfin da kuma ɗan wasan da ke tsakanin haƙora, ka shafa shuɗin fenti na gwaji a kan haƙoran farantin ka juya, ka ga inda suke taɓawa. Man da giyabos ɗin yake sha mai lamba GL-5 ne, kusan lita uku.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan koyo ne a wani gareji a Maraɗi. Maigidana yana hana mu buga zoben boris da guduma a gidan alminiyom, yana cewa a ɗumama gidan tukuna. Mene ne amfanin hakan?

AMSA: Maigidanka ya san aikinsa, yaro, ka riƙe abin da ya koya maka. Zoben ya ɗan fi raminsa faɗi da gangan, kuma idan ka tura shi da duka a sanyi, gefensa mai tauri zai kankare alminiyom ɗin yana shiga, wato ka fara buɗe ramin da hannunka tun ranar farko. Idan aka ɗumama gidan zuwa digiri 100 ko 120, aka kuma sa zoben a firiza na ɗan lokaci, ramin zai buɗe isasshe har zoben ya zame ciki kusan da kansa, sannan ya kama shi idan ya huce. Zafin ya game gidan duka, a cikin tanda ko da na'urar hura iska mai zafi, domin harshen wutar walda a wuri ɗaya yana murɗe ƙarfe. Idan babu ma'aunin zafi, ɗigon ruwa da ya yi tsuwwa ya ƙafe nan take yana nuna an kai digiri 100. Gidan magniziyam kuwa, irin na giyabos ɗin 911 na farkon shekarun 1970, kada ka kusantar da wuta ga garinsa ko ɓurɓushinsa, domin yana kamawa da haske mai kashe ido, kuma zuba masa ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake rufe shi da shi. Haka za ka yi wajen cire tsohon zoben ma: ɗumama gidan, ka kife shi a kan katako, sau da yawa zoben zai faɗo ba tare da ka taɓa shi ba.