Ruwa ya shanye motata har kujeru: in tayar da ita ko in bari?

Tambaya: Ina da Toyota Corolla mai giyar otomatik. Ruwan sama ya cika unguwarmu da dare, motar tana fake a ƙofar gida, da safe na tarar ruwa ya kai kan kujeru. Yanzu ya janye. Maƙwabta suna ta cewa in tayar da ita injin ya yi zafi ya bushe. Me ya kamata in yi?

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Don Allah kada ka murza makullin nan, ko da na gwaji ne. Motar da ruwa ya samu a fake, injinta a kashe, sau da yawa ana ceto ta. Tayarwar ce ke kashe ta.

Fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji, yana matse iska da fetur ne a cikin silinda, shi kuwa ruwa ba ya matsuwa. In ruwa ya bi ta hanyar iska ya sauka a silinda, kana ba ta wuta fistin zai taso ya ci karo da shi, sai kwanrod, sandar ƙarfen da ke riƙe da fistin, ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci har ya huda bulok, wato gangar jikin injin. Aikin da canjin mai zai gama ya koma sayen inji.

Ka fara cire kan batir, na nagatif tukuna. Ka ɗauki hoton motar ciki da waje kafin a wanke, musamman layin lakar da ya nuna inda ruwa ya tsaya. Sannan a kira janwe ta ɗauke ta zuwa gareji. Mota mai otomatik ba a jan ta da igiya tayoyin gaba suna ƙasa.

A gareji ka tsaya ka gani da idonka. A buɗe gidan matatar iska. In takardar matatar ta jiƙe, a ɗauka ruwa ya shiga inji. A zaro sandar auna baƙin mai: in man ya haura alama, ko ya koma kalar shayi mai madara, ya haɗu da ruwa. A kwance fulogi duka huɗu, a juya injin da sifana a hankali, sannan a cire fiyus ɗin famfon mai a buga kik, ruwan zai feso ta ramukan. A zuba sabon baƙin mai da sabuwar filta, a sake canza su bayan ɗan gudu kaɗan. Man giya ma a duba shi da kyau, domin giyabos yana da ƙofar numfashi da ruwa ke bi, kuma ruwa yana ɓanɓare fatar kulocin da ke cikinsa. Tankin mai a sauke shi: ruwa ya fi fetur nauyi, yana kwanciya a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. Man birki a canza shi gaba ɗaya.

Abin da ya fi damuna a motarka shi ne wayarin, tunda ruwa ya kai kujeru. Na'urar da ke kula da jakar iska ta haɗari tana zaune ne a ƙasan mota, tsakanin kujerun gaba, kuma soket da yawa suna kwance ƙarƙashin kafet. Inji zai iya tashi lafiya yau, bayan wata biyu gilas ya ƙi sauka, fitilun dashbod su riƙa kamawa barkatai, saboda bakin soket ya yi kore. Ka samu mai gyaran waya ya zare su ɗaya bayan ɗaya, ya wanke da feshin wanke soket, ya busar. Na'urar jakar iska kuwa in ta jiƙe, shawarata a canza ta, domin rai ne ya rataya a kanta.

Kafet a fitar da shi dungurungum tare da kujeru. Soson da ke ƙarƙashinsa yana riƙe ruwa makonni ko da saman ya bushe. Wanda ya ga ambaliyar Maiduguri ta Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san ruwan ambaliya haɗe yake da laka da ƙazantar kwata da masai, don haka mai wankin ya sa safar hannu.

Batun inshora: ta naira 15,000 da yawancinmu ke yanka ɓarnar da ka yi wa wani kawai take biya. In taka cikakkiya ce, ka karanta takardar ka ga ko ambaliya na ciki, ka sanar da kamfanin kafin a taɓa motar.

In bayan gyara ka yanke shawarar sayarwa, ka gaya wa mai saye cewa ruwa ya taɓa shanye ta har kujeru, a yi ciniki a kan haka.