Tambaya da Amsa: Hazon da ke ƙarƙashin taurari uku

Tambaya: Malam, na ga hotunan wani abu da ake kira nebula a Facebook, ja da shuɗi gwanin sha'awa, sai na sayi madubin hangen nesa mai ido biyu. Da na duba daga saman benenmu, ban ga komai ba sai wani ɗan dishi-dishi mai ruwan toka a ƙarƙashin taurarin nan uku da ke jere. An cuce ni a cinikin ne? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, ba a cuce ka ba, domin abin da ka gani shi ne nebular Oriyon (Oriyon shi ne rukunin taurarin da ukun nan suke ciki), wadda masana ke kira M42 bisa lissafin Bafaranshen nan Charles Messier na ƙarni na 18. Kalmar nebula Latinanci ce, ma'anarta hazo, kuma tana nufin tarin iskar gas, galibi haidirojin, da ƙura a sararin samaniya. A cikin wannan tarin ne sababbin taurari suke samuwa, kuma haskensu mai tsanani ne yake sa gas ɗin ƙyalli. Hasken da ya shiga idonka ya yi tafiyar fiye da shekara 1,300 kafin ya iso Aboabo. Akwai kuma wasu nebula waɗanda ragowar mataccen tauraro ne, kamar M1, wadda ta samo asali daga fashewar da Sinawa suka rubuta labarinta a 1054.

Batun launi kuwa, idon ɗan Adam ba ya rarrabe launi a haske mai rauni, alhali kyamara tana iya tara haske na tsawon awoyi. Ni a ganina tokar nan da ka gani da idonka ta fi hoton daraja.

Muna da sa'a a Ghana, saboda kusancinmu da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita) ya sa Oriyon yana ratsawa kusan tsakar ka daga Disamba zuwa Fabrairu, sai dai lokacin ne ƙurar hunturu take dusashe sama. Ka nemi daren da ƙura ta lafa kuma babu farin wata, ka nisanci fitilun gari, ko da zuwa wajen tafkin Bosomtwe ne. Ka zauna cikin duhu minti 20 ba tare da duba waya ba, sannan ka kalli gefen hazon maimakon tsakiyarsa, za ka ga ya ƙara faɗi.