Amsa kan yadda ake ɗinka tantunan sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya

Malam, ka tambaya yadda tantin da aka ƙawata da alharini yake jure ruwan sama a filin yaƙi, da kuma ko adon nasa zanen fenti ne.

Tantin ruɓi biyu ne. Na waje yadin auduga ne mai kauri wanda aka saƙa shi a matse, galibi kore, shi yake tare ruwa da rana, na ciki kuwa mafi yawa ja ne, kuma a jikinsa duk ƙawar take. Adon ba fenti ba ne: maɗinka suna yanka ƙyallayen alharini da auduga, wani lokaci har da fata mai ruwan zinariya, su ɗora su a kan jan yadin, sannan su bi bakin kowane ƙyalle da igiyar zare su ɗinke. Da haka suke fitar da ginshiƙai da bakuna, da fitila rataye a tsakiyar baka, da furanni, ta yadda wanda ya zauna ciki zai ga kamar a zauren fada yake. A ganina gwanintar tana nan ne wajen haɗa ɓangarorin, domin dole bakunan su dace da juna duk lokacin da aka kafa tantin.

Akwai runduna ta musamman mai ɗinki da gyara da kafawa, kuma idan sarki ya fita yaƙi akan tura tanti ɗaya gaba zuwa zango na gaba.

Bayan an karya rundunar Usmaniyya a Biyana (Vienna), babban birnin Austriya, a 1683, tantuna da yawa sun faɗa hannun Turawa. Ana iya ganin irinsu a fadar Wawel ta Foland, kuma na birnin Dresden a Jamus tsawonsa mita 20 ne.